Ranar da Baba Idi Ya Sa Attajirai Sauke Harawa

Ban taɓa mantawa da ranar da attajirai biyu suka zo satar barewa a gonar da muke gadi ba. Gonar tana bayan garin Al Rayyan, can ƙasar Larabawa, ta wani Balarabe ce mai kiwon bareyi. Mu biyu ne a ƙofa, ni da Baba Idi, mutumin Gumel, wanda ya rasu bara. Allah ya jiƙansa.

Da safe shugaban masu gadi na kamfaninmu ya kira mu. Ya ce abokan mai gona sun karanta wani tsohon littafin Turawa, inda manyan mutane da zaman banza ya ishe su suke farautar sata don nishaɗi. Sai suka ci alwashin fitar da barewa ɗaya daga gonar yau kafin magariba.

"Su wasa suke yi," in ji shi. "Amma in ta fita, kamfani ya rasa kwangila, ku kuma khalas, sai gida."

Muka zuba ido muna jiran manyan motoci da fararen riguna. Bayan azahar sai ga motar harawa da leburori biyu cikin shuɗin kayan aiki. A ƙa'ida, ana sauke kaya a gaban mai gadi kafin mota ta shiga wurin dabbobi.

Baba Idi ya dubi hannayensu, ya girgiza kai.

"Garba, dubi hannu kamar na jariri. Sababbin zuwa ne. In ba a koya musu aiki ba, korarsu za a yi."

Ya tsaya a kansu da ɗan Larabcinsa. "Yalla! Da gwiwa ake ɗagawa, ba da baya ba!" Mai tumbin cikinsu ya zauna yana haki. Baba Idi ya ba shi ruwa, ya kuma ɗora masa wani damin.

Da suka gama suka nemi wucewa, ya hana. Ya ce baƙo ba ya tsallake kwanonsa. Ya buɗe tuwo da miyar kuka, ya ja su sallar la'asar, sannan ya zaunar da su yana yi musu nasiha su riƙa kiran iyayensu mata a waya. Suna ta duban rana, sun kasa magana don kada harshensu ya tona su.

Ana kiran magariba mai gona ya iso. Ya gan su a tabarma, harawa har a gemu, ya yi dariya sai da ya dafa mota. Nan muka gane ko su waye: attajiran nan ne, abokansa. Baba Idi ya dubi mai tumbin, ya raɗa mini, "Ko ma waye shi, bai iya ɗaukar kaya ba."

Ba a kore mu ba. Ku yara sababbin masu gadi, a wannan aiki ana koya mana zargin duk wanda ya tunkaro ƙofa, kuma daidai ne. Amma ranar ba zargi ne ya tsare gonar ba. Wani dattijo ne ya ga baƙi ya ji tausayinsu. Har yau ba a haɗa ni ƙofa da irinsa ba.