Ƙunshin Ƙasar Gonar Ɗan'azumi

Bana shekara goma sha biyar ke nan da aka kashe yayana, Habu Mai Rijiya, a ƙofar gidanmu da ke bakin fadama, gabas da Haɗejiya. Ban ce ya rasu ba. Kashe shi aka yi, da rana tsaka, ina tsaye. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a sassauta mini ko kalma ɗaya.

Yaya Habu mahaƙin rijiya ne. In ya ɗanɗana ƙasa da harshe, zai gaya maka gaba nawa za a yi kafin a tarar da ruwa. Shi ya sa da ma'aikatan gwamnati suka zo, bayan Faransawa sun fasa bam ɗinsu a Sahara, shi aka nuna musu. Suna ɗauke da wani akwatin ƙarfe mai kuka ƙas-ƙas kamar gyare. Suka ce bam ɗin yana barin gubar da ido ba ya gani, suna so su san ko ta sauka a ƙasarmu. Shi ke haƙa musu rami da dagi a kowace gona, a ɗebo ƙasar can ciki, a ƙulle a ƙyalle, a sa lamba. Da damina ta kusa datse hanya, suka tafi, suka bar shi ya ƙarasa ya ajiye musu.

A waccan shekarar kogi bai kawo ba. Shinkafa ta bushe a tsaye. Kowa a nan ya san abin da ake faɗa: wanda ya ɗebi ƙasar gonarka ya ƙulle, ya ƙulle albarkarta. Aka fara da raɗa a kasuwa. Ranar wata Talata mutanen gari suka fasa ɗakinsa, suka tarar da ƙulle-ƙulle jere a bango, kowane da rubutu a jiki kamar laya.

Suka jawo shi waje. Yana cewa, "Jama'a, awo ne, don lafiyarku ne." Ɗan'azumi, maƙwabcinmu, wanda Yaya ya haƙa wa rijiya kyauta, shi ya fara sauke masa ƙotar galma a ƙeya. Na ji ƙarar, irin ta fashewar tulu. Ya durƙusa, suka rufe shi da sanduna. Wani ya ɗauko dagin nasa ya karya masa hannu da shi. Na faɗa kansa, aka fizge ni da gashi aka yar. Da suka gama, kowa ya shiga wawason neman ƙasar gonarsa, suna tattaka jininsa, alhali ba mai iya karanta lambar a cikinsu. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ƙunshi ɗaya na tarar ƙarƙashin gawar. Na san na Ɗan'azumi ne, don ƙyalle ya ƙare a ranar, da gefen tsohon zanena aka ƙulle shi. Na ɓoye. Na kuma tabbatar labari ya kai masa.

An kai wasu gaban alƙali, suka yi rantsuwa suka dawo. Amma Ɗan'azumi bai sake barci mai daɗi ba. Duk gabanin shuka sai ya zo ya tsuguna a zaure. "Gwaggo Hassu, ki dubi Allah ki ba ni ƙasata." Amsata ɗaya ce: "Tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a ka ce Habu ba matsafi ba ne." Sai ya tashi ya tafi.

Yanzu da kuɗin mai ya zo, masu awo sun cika fadama da motoci, mutanenmu har rige-rige suke su riƙe musu sanda. Ina tambayar kaina me Yaya zai ce. Ina jin dariya zai yi, sannan ya tambayi abin da ba wanda ya tambaya: ina sakamakon waccan ƙasar? Ma'aikatan ba su dawo ba. An ce Faransawa sun tashi daga wurin bam ɗin, amma Yaya ya sha gaya mini guba ba ta tashi don mai ita ya tashi.

Bana, tun da aka datse kogi can wajen Kano, ruwa bai isa gonar kowa ba. Ɗan'azumi ya tsufa, ido ya tafi. Juma'ar da ta wuce ya tsaya gaban jama'a ya ce Habu ba matsafi ba ne. Na aika aka kira shi, na sa masa ƙunshin a hannu. Ya kwance, ya murza da yatsu.

"Wannan ce kawai?"

"Ita ce kawai. A kanta ka kashe mutum."

Ba na wanke kaina. Shekara goma sha biyar na bar shi yana tsoron ƙaryar da ta ci yayana, na yi makami da ita, kuma Yaya Habu ba zai yarda da haka ba. Allah ya yafe mini. Amma rijiyoyinsa suna nan, waɗanda suka rufe shi da sanduna da jikokinsu duk daga ciki suke sha, kuma tun Juma'ar nan in an ambaci wanda ya haƙa su, ba a rage murya. Allah ya jiƙan Habu, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi.