Ɓerayen Turaliya

Ni wallahi har yau ban san me ya kai ni ciki ba. Yaya Bashir ne iƙamarsa, takardar zaman Saudiyya, ta mutu, amma ni aka ɗora wa gadinsa. A makon nan 'yan jawazat, jami'an shige da fice, sun cika unguwarmu Kurayyat suna kwasar marasa takarda, in an kama ka sai jirgi. Umma ta ce in Bashir ya taka ƙofar gida, ni za a daka. Ina ɗan tsito, an ba ni tsaron ƙato.

Shi kuwa ya kasa zama. Ya tashi, ya zauna, ya leƙa taga, wai shi ba ɓera ba ne da zai ƙare a rami.

Kakarmu Hajiya Ladi tana tsakar gida bayan magariba tana fifita gawayin shayi. Tana jin "ɓera" ta ce mu matso. Babanta ya yi dakon ruwa a Libiya lokacin yaƙin Jamus, can ya ga sojojin Turaliya. Ostiraliya take nufi, har ta rasu ba ta gyara ba.

Ta ce an ritsa su a wani gari bakin teku, gaba wuta, baya ruwa. Suka haƙa ramuka suka shige. Rana ta gasa su, ƙudaje suka addabe su, ɗan ruwan shan ma gishiri-gishiri. Wata da watanni. Jamus suka dinga yi musu tsiya a rediyo, wai ɓeraye.

"Ka san me suka yi, ɗan nan? Suka ce mun gode, sunan ya yi mana. Suka riƙe sunan, suka riƙe garin."

Sai da na fara buga-buga a titin Jidda, ana jefo min "ya takruni", sunan rainin da ake wa baƙar fata, daga tagar mota, na gane inda tsohuwa ta dosa. Suna in ka amsa shi da dariya, ya daina cizo. Kuma zama wuri ɗaya ma sai namiji.

Amma a lokacin, ni da shegen bakina, sai na tambaya ko ba sa leƙowa sam. Ta ce in duhu ya yi suna rarrafowa su kai hari. Bashir ya yi wuf ya zari takalmi, wai halas, shi ke nan, ai duhu ya yi, yalla a tafi. Na fara hango bulalar Umma.

Hajiya ko ɗagowa ba ta yi ba. Magana ɗaya ta yi, takalmin ya koma bayan ƙofa.

"Su da bindiga suke fita, Bashiru. Kai in an tare ka me za ka zaro, haƙoranka?"