Farcen Roba a Ruwan Kalwa

Wata Talata ce, ana saura mako guda babbar salla, a shekarar da na cika sha uku. Ina zaune a kan tabarmar kaba a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu a Gwandu, na baje yatsuna a kan cinyar yayata Luba, ita kuma tana ɗiga gam tana manna mini farcen roba ɗaya bayan ɗaya. Daga Kalgo ta sayo shi cikin wata 'yar leda mai ƙyalli, ruwan hoda ne da ɗan fari a baki. Ko numfashin kirki ban yi ba don kada hannuna ya motsa. Luba ta riga ta gama lissafinta: na kai shekarun da aka bar ta ta saka nata, kuma a kwanakin ina fashin salla, balle wani ya kawo zancen alwala. Da ta gama na ɗaga hannuwana ina juya su a hasken la'asar, wallahi ban gane su ba. Ina cikin wannan kallo Inna ta fito daga madafa ɗauke da masakin dafaffiyar kalwa yana tururi. Ta dire shi a gabana, ta dubi yatsuna, ta dubi Luba, ba ta yi faɗa ba. Kama wuyan hannuna kawai ta yi ta tsoma cikin ruwan ɗumin, ta riƙe. Ina ji gam ɗin yana saki, ina kallo farcen suna tasowa ɗaya ɗaya suna yawo tare da baƙin ɓawon kalwa.

Daddawa ce sana'ar Inna, ita ta gada wurin kakarmu. Baba noman albasa yake yi a fadama, shekarar da ta yi kyau a ci a sha, shekarar da ta ruɓe a rumbu kuwa tukunyar Inna ce ke riƙe da gidan. Wanda bai tashi gidan masu daddawa ba, ƙamshinta a miya kawai ya sani. Kalwa sai ta yini a wuta, a sauke, a zuba a turmi da ɗan yashi a surfa, a kai bakin rijiya a yi ta wanki har ɓawon ya rabu da ƙwaya. To duk surfen da za a yi, akwai masu taurin kai da ba sa sakin rigarsu, kuma idan aka bar su daddawar ta yi ɗaci, mata su daina aikowa. Waɗannan sai an zauna an tsince su, an fasa kowace da farcen babban yatsa. Idon Inna ya yi rauni tun da wuri saboda hayaƙi, don haka tsinta da ɓara aikin 'ya'ya mata ne. Daga dawowa makaranta har kiran magariba hannunka yana cikin ruwan toka, fata ta yi fari ta yamutse, ƙarƙashin farce ya yi baƙi ƙirin, warin kuma ko da sabulun salo ba ya fita.

A gidanmu ba da shekara ake auna girman yarinya ba. Inna tana da doka guda, kuma a bakinta muka tashi muna jin ta: "Ran da ƙanwarki ta iya ɓarar kalwa, ran nan kin isa ki tara akaifa." Akaifa take ce wa farce, irin ta mutanen da. Babbar yayarmu Kulu ta ɓara har Luba ta taso, sai Inna ta sallame ta ta koma kai daddawa gidajen masu saye. Na tuna yadda hannun Kulu ya sake cikin 'yan watanni, ya yi sumul, lalle yana kama shi ja wur. Ita ce ta fara shigowa gidan da farcen roba, daga bikin wata ƙawarta a Kalgo, tana ɗaukar kofin ruwa da gefen yatsu kamar mai tsoron ƙonewa. Ni da ƙawayena sai mu koma bayan rumbu mu tsinci jan ɓawon albasa, mu yayyaga shi daidai farce, mu manna da yawu, muna tafiya muna yarfe hannu irin na Kulu. Da an fara carafke duk su zube, mu sake mannawa.

Saboda wannan doka na zage na koyi ɓara tun ina 'yar shekara goma. Babu wanda ya sa ni. Ni na riƙa matsawa kusa da masakin, ina kwaikwayon yadda Luba take danna ƙwayar a tsakiya ta ɓulle. Inna har yabona take yi wurin maƙwabta, wai auta ta fi yayyenta saurin hannu, ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Da hannuna na 'yanta Luba tana da sha uku, shekara guda kafin lokacin da Kulu ta samu. A wautata layi ne, yana tafiya, kuma ni ce ta gaba. Ban taɓa waiwayawa na ga cewa babu kowa a bayana ba.

Da na fara ganewa, sai ga Inna da ciki bayan an fid da rai. Ban taɓa yin addu'a da gaske irin ta watannin nan ba. Kowace sujada, Allah Ka ba Inna mace. Har suna na zaɓa mata, har na ware mata 'yar ƙwaryar da za ta fara koyo da ita. Ranar da ungozoma ta leƙo ta ce namiji ne, gida ya ɗauki guɗa, ni kuwa na shige bayan rumbu na yi kuka har da majina. Ranar suna mata suna ta tsokanata wai auta tana kishi an ƙwace mata goyo. Wa zan gaya wa cewa kukan farce nake yi?

A makaranta kuma duk safiyar Litinin sai mun jera mun miƙa hannu malama ta bi da rula tana duba tsafta. Nawa kullum a yanke suke har ƙasa, amma baƙin nan ya riga ya shige ciki, sai ta buge mini yatsu ta ce ƙazama. 'Yan ajinmu suka sa mini Nana Daddawa. Idan ana gaɗa a fili lokacin tara, wadda ta tafa da ni sai ta sunsuna tafinta ta yamutsa fuska, sauran su tuntsire da dariya. Uwayensu kuwa su ne masu aiko su gidanmu da kwano. Na koyi tafiya da hannu a cikin hijabi, na koyi karɓar abu da sauri in ɓoye. Abin da ya riƙe ni shi ne sha uku tana zuwa, ko da ƙanwa ko babu, ai Inna za ta duba ta ga na yi nawa.

Shi ya sa a waccan Talata, da Inna ta saki hannuna, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga ido na dube ta. Na ce, "Inna, yaushe zan isa?" Ta ce, "Sai kin samu mai karɓar ki." Na ce, "To wa zai karɓe ni?" Luba ta sunkuyar da kai. Inna ta sa hannu ta tsamo farcen daga ruwan, ta ɗauraye su, ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce gidaje da yawa suna jiran daddawar miyar salla, in matso. Na matso. Hawayena yana ɗiga cikin masakin ina ɓara, har aka kira magariba.

Kulu ta yi aure, Luba ta bi, ƙanena ya girma yana bin Baba fadama, ni ina nan bakin masaki. Na gama sakandare a kansa, na haura ashirin a kansa. Ba na cewa Inna muguwa ce. Ta ciyar da mu, da kuɗin daddawar nan aka yi wa kowaccenmu kayan ɗaki. Amma na ji haushinta, haushi mai yawa, kuma ba zan yi ƙarya in ce ya wuce ba. Abin da ya fi ci mini rai, duk salla yayyena za su zo da 'ya'yansu, hannu ya sha lalle da farce, su zauna gefena suna hira, suna cewa Allah Ya yi mini albarka da nake taimakon Inna. Ba wadda ta taɓa naɗe hannun riga.

Da aurena ya zo aka kai ni Kalgo wurin mai kwalliya. Na ce mata kafin komai a saka mini farce, ruwan hoda mai fari a baki. Ta kama hannuna ta juya, ta daɗe tana kallon manyan yatsun. Farcensu ya yi kauri, ya yi tudu da kwari, ya tsage ta tsakiya. Ta goge, ta kankare, ta zuba gam har ya gangaro. Sauran yatsun suka kama, manyan biyu kuwa kafin a kai ni ɗaki sun faɗi. A hotunan bikina duka za ka ga amarya ta dunƙule hannu.

Yanzu a Kalgo nake zaune, ina ɗinki a gida. 'Yata mace guda ce, Asma'u, bana ta cika sha uku. Da babbar salla ta matso ta zo tana lanƙwasa wuya, wai 'yan ajinsu duk za su saka farce. Babanta ya ce ni zan yanke. Na ce mata ba ta isa ba, kuma da kalmar ta fita na ji muryar wa na ara. A lokacin Inna tana wurinmu, ta zo ganin likitan ido, tana zaune a kan darduma tana jan carbi. Sai na ji ta ce, "Haba Nana, bar ɗiya ta yi adonta. Sha uku ai ta isa."

Na kashe keken ɗinkin. Na ce, "Inna, ni ma sha uku gare ni ran nan." Ban yi zaton za ta gane ranar da nake nufi ba. Carbin ya tsaya a hannunta. Can ta ce, "Ke ma kin isa. Ni ce ba ni da wata."

Shekara da shekaru ina jiran wannan magana, da ta zo kuma ba ta gyara komai ba. Yau a layinmu na Gwandu babu mai kwana uku yana jiran kalwa ta nuna, ɗanɗanon kanti ya cika kowane shago, masakin Inna ma kaji ne ke kwana a ciki. Aikin da ya cinye mini ƙuruciya ya mutu da kansa, ba tare da kowa ya karɓe ni ba. Na ce wa Asma'u ta jira ranakun da ba ta salla, da suka zo na kama hannunta na kai ta wurin mai kwalliya da kaina. Ta zaɓi shuɗi. Ina zaune a benci ina kallo ta baje yatsunta, ta riƙe numfashi don kada hannunta ya motsa. Mai kwalliyar ta ɗago ta ce, "Hajiya, ke fa, ba za a saka miki ba?" Na ce mata a'a, nawa lokacin ya wuce. Sai da muka fito titi na lura har yanzu manyan yatsuna suna dunƙule cikin tafina.