Ummul-Khairi da Ruwan Magudanarmu

Shekara ashirin da shida ke nan, duk Litinin da Alhamis da hantsi, Malama Ummul-Khairi take sauka daga mota a bakin hanyar Bunkure, akwatin kwalabe a hannu, takalmin roba a ƙafa. Sai ta bi magudanar da ke kwashe ragowar ruwan gonakin tumatir da shinkafa, ta tsuguna ta ɗiba, ta rubuta wuri da rana a jikin kwalba, ta yi gaba. Kafin azahar ta koma ɗakin gwaji a Kadawa. Aikinta auna maganin ƙwarin da ke biyo ruwan, da neman hanyar cire shi. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Da farko ba wanda ya yi maraba da ita. Malam Isiyaku, manomin tumatir a ƙauyenmu, shi ya ba ni labari da bakinsa. A shekarar da kifi ya riƙa tasowa matacce, ta same shi yana wanke famfon feshi a magudana.

Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, in ka haɗa magani biyu a bokiti, kana jin ya yi ɗumi?"

Ya ce, "Kullum ma. Ai ƙarfin maganin ke nan."

Ta ce, "Ba ƙarfi ba ne, Baba. Ɗaya ne yake taɓa ɗayan. Abin da suke haifarwa ni ma ban gama saninsa ba, kuma a cikinsa Mairama take wanki can ƙasa. Ka duba hannunta."

Mairama 'yarsa ce, hannunta duk ya tsattsage, ana ta shafa man kaɗanya a banza. Malam Isiyaku ya fusata ya ce, "Ki je ki sa a hana mu feshi, sai mu ci me?"

Ba ta kai ƙarar kowa ba. Ta nuna masa inda zai haƙa rami nesa da ruwa don wanke famfo, ta koma ɗakin gwaji. Shekara uku tana ƙona ɓuntun shinkafa ya zama gawayi, tana jera shi da yashi a cikin ganga, tana tace ruwa tana aunawa. Gangar farko ta toshe a kwana huɗu, mata suka yi ta dariya. Ita ma ta yi dariyar, ta kwance ta sake. Da ta yi nasara ba ta ƙara gishiri ba, ta ce, "Wannan na wanki ne da shayar da dabbobi. Na sha kuwa, ku je burtsatse."

Hannun Mairama ya warke kafin bikinta. Da ta haifi 'ya mace, Malam Isiyaku da kansa ya roƙi mijinta a sa mata Ummul-Khairi. Ranar suna Malama ta riƙe jaririyar tana hawaye.

Malama, ke ce kika ɗauki ilimin manyan littattafai kika zuba shi a ganga, inda talaka zai iya taɓawa. An wallafa binciken nan, wasu suka samu ƙarin girma, sunanki yana can ƙasa a layin godiya. Ba ki taɓa ɗaga maganar ba. Uwar masu wanki, mai haƙuri da manomi, mu mun sani.

Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar hutawa. Ku kuma 'ya'yanmu da ke karatun haɗa sinadarai a jami'a, in kun gama ku dawo gida. Akwai ƙauyukan Kura da har yau ba su da ganga ko ɗaya, kuma gwiwoyin Malama sun gaji da tsuguno.