Fuskarka Ta Sani

Lado Taba mutum ne da Allah ya ba maƙogwaro. In ya ji ka yi magana sau biyu, to ya ɗauke muryarka ke nan. Yana saurayi ya taɓa kiran azahar da muryar ladanin garinsu tun hantsi, tsofaffi suka fito da butoci, ya sha dukan da har yau yake ba da labari. Boko bai yi nisa ba, amma Turancin rediyo ya zauna masa daram. Ya gwada noman rake, noma ya ƙi shi. Da ya auri Mero, 'yar wata ruga ta wajen Kurmin Kogi, sai ya koma Makarfi, wani mai shagon tura finafinai a waya ya ɗauke shi aikin fassara.

Ɗakin aikin ɗan tsukuku ne, an liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai don kada hayaniyar kasuwa ta shiga. Lado shi ne ɓarawo, shi ne alƙali, shi ne matar da ake kashe wa miji. Finafinan 'yan sanda ya fi so, irin na Turawa, inda mai kaki yake cin amana yana murmushi.

Wata rana aka kawo masa wani. Farin ɗan sanda ya tare baƙin mutum a hanya, ba laifin komai, ya kai shi inda bai dawo ba. Lado ya kalla sau uku, ya ce mutanenmu ba za su gane ba, tunda mu nan duk baƙaƙe ne. Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da gara a ce barci ya ɗauke mutum kafin ta zo. Ya ba baƙin mutumin nan Hausar ruga. Kuma ba ta kowa ba, ta ƙanin matarsa Ja'afar, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda in zai roƙi abu sai ya ce, "Don Allah fa, don Allah fa," yana jan ƙarshen kamar zai yi kuka. Ɗan sandan kuwa ya sa masa murya mai sanyi, ya ƙirƙiro masa maganar da babu ita a Turancin: "Ni ban san laifinka ba, amma fuskarka ta sani."

Fim ya karɓu. Daga Kudan har Ikara, 'yan acaɓa da masu shayi kowa na faɗa wa ɗan'uwansa fuskarka ta sani, ana sheƙa dariya. Lado ya riƙa tafiya yana ɗaga kafaɗa. Ja'afar bai taɓa kallo ba, shi wayarsa ta kira ce kawai.

Bayan damina biyu, ranar wata kasuwa, Ja'afar ya fito sayen kanwar shanu bai koma ba. Kwana uku Mero ba ta sa komai a bakinta ba. A na huɗu wani direba ya ce ya ga an sauke shi a wani shingen 'yan sanda.

Lado ya isa ofishin 'yan sandan da rana tsaka. Wurin tsit, ko kaza ba ta motsi a harabar. Yana sa ƙafa a bakin ƙofa ya ji wani yana magana a ciki, muryar da ya sani amma ya kasa tuna ta wa ce. Sai da ya ƙara saurara sannan ya gane tasa ce. Waya ce a kan teburin kanta, an jingina ta da kofin shayi, fim ɗin yana tafiya.

Ya yi sallama, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ƙanin iyalina nake nema, Ja'afar."

Kofur ɗin da ke zaune ya tsayar da fim ɗin, ya ƙura masa ido. "Sake magana."

Lado ya sake.

"Kai ne mai fassara." Fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa. "Wallahi mutumin nan naka yana buɗe baki a shinge muka ce ga na cikin fim. Sak. Muna kunna masa yana don Allah fa, muna kunna masa yana don Allah fa."

"Me ya yi, ranka ya daɗe?"

Kofur ya yi dariya. "Kai za ka tambaye ni? Faɗi abin nan mu ji daga bakinka, ka tafi da shi."

Aka fito da Ja'afar daga bayan kanta, idonsa ɗaya a kumbure, ba takalmi. Lado ya so ƙasa ta tsage. Amma ya tuna Mero, ya gyara maƙogwaro, ya dubi ƙanin matarsa, ya faɗa da muryar nan mai sanyi. 'Yan sandan suka tafa masa. Ja'afar ya ja da baya har ya bugi bango.

Aka sake shi, suka kama hanyar gida. Sai da suka sauka daga mota suka shiga gonakin dawa, inda ba kowa, sannan Ja'afar ya tsaya.

"Yaya Lado, kwana uku ina jin ka ta bayan bango. Ina ta kiranka. Me ya sa ba ka amsa ba?"

Lado ya buɗe baki zai yi bayani. Yana fara magana Ja'afar ya ɗaga hannu biyu ya kare fuskarsa.

Yanzu Lado rake yake sayarwa a bakin tasha, ba ya ko kiran masu saye. In an yi suna ko rasuwa a rugar su Mero yakan je, ya miƙa wa Ja'afar hannu su gaisa, amma bakin Lado a rufe. Shekara shida ke nan.