Ranar da Injin Yaya Ilu Ya Kulle Shi Waje

Duk wanda ya san Yaya Ilu ya san ba ya amsa sallama sai ya tambayi ko wane ne, ko da kuwa yana kallon fuskarka. Yadda yake yi wa mutane haka yake yi wa sarber, babban injin da ke raba rezo, wato intanet, a ɗan asibitin da nake rabon magani, nan Madarumfa. Injin baki biyu gare shi, ɗaya yana kallon waje, ɗaya yana kallon ofisoshinmu. Yaya Ilu ya rubuta masa dokoki ya toshe komai, saƙon da ya sani kaɗai ke wucewa. Bai yarda ya koya wa kowa aikin ba, ga ciwon ƙoda yana cinsa. Mun sha gaya masa wannan rowar ba za ta bar shi ya yi jinya ba.

Da aka kawo sabon majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya zo yana ƙorafin injin ya hana shi kallon ƙwallo. Yaya Ilu ya saurare shi tsaf, sannan ya nemi a nuna masa majinyaci ɗaya da ƙwallo ta warkar, shi kuma ya buɗe. Da yake muna bakin iyaka, majo ya koma kama rezon Nijeriya a wayarsa, yana bin inuwar bishiyoyi.

Ni ƙanensa ne, ɗan baffansa, na ɗauka jini zai yi mini rana. Na roƙe shi ya nuna mini ko kaɗan, saboda halin yau da gobe.

Ya ce, “Kai da ka bar ma awaki rumbun baba buɗe a Safo?”

Tun muna yara aka yi wannan, ga furfura a kaina, amma bai yafe ba.

Da ciwo ya tsananta aka kwantar da shi a Maraɗi. Maimakon ya huta, ya ɓoye kwamfutarsa ƙarƙashin zane yana gyara dokoki daga kan gado. Injin daga sama yake bin dokokin zuwa ƙasa, don haka dokar toshe komai a ƙarshe take zama. Zazzaɓi ya sa ya ɗora ta a farko. Nan take komai ya ɗauke, har hanyar da shi kansa yake shiga. Babu neman magani, babu sakamakon gwaji. Na kira shi ina magiya ya faɗa mini abin da zan danna, ya kashe waya.

Bayan azahar sai ga shi a bayan kabu-kabu, ya cire ƙarin ruwa da hannunsa, ƙafafu sun kumbura ba su shiga takalmi. Ya kore ni daga ɗakin injin, ya gyara, ya fito yana dafa bango yana murmushi.

“Ka gani, Sani? Ko ni da na gina shi bai bari na wuce ba. Wanga shinge ya yi.”

Na yi dariya don ba yadda zan yi. Bai kai Juma'a ba.

Har yau ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba, don da ya sakar mini layi guda na dokokin nan da ya ƙarasa jinyarsa. Amma wajen wankan gawarsa na ga inda ya fizge allurar, fatar ta yi baƙi, na kasa tsayawa. Allah ka san don majinyata ya hau babur ɗin nan. Ka jiƙansa, ka ba shi hutun da ya ƙi ba kansa, ka raya 'ya'yan da ya bari.