Jan Zaren Inna

Inna ba ta taɓa sayen sabon buhu ba. A kasuwar Lolo da ke bakin iyaka akwai masu baza tsofaffin buhuna, waɗanda aka cinye abin da ke cikinsu, masu rubutun ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa ba. A nan take zaɓa, ta wanke, ta shanya, ta zuba shinkafar da ta yi guminta da hannunta. Sai ta ɗinke baki da jan zare, ta yi ƙulli uku a kunnen dama. Masu saye sun san wannan ƙulli. Wanda ya gan shi ba ya neman a buɗe masa, ya san ba tsakuwa a ciki.

A shekarar da maganar hana shigo da shinkafa ta iyaka ta yi zafi ta tara buhu goma sha biyu, duk noman fadamar da mahaifina ya bar mana a Geza. Ta ɗora su a mota za ta Lolo, jami'an kwastan masu kaki suka tare hanya, suka ga rubutun jikin buhu, suka sauke. Ta roƙe su su farka ko guda ɗaya su duba. Suka ce ta je ofis.

Ni malamin firamare ne, ni ke jin Turanci a gidan, don haka zaryar ta faɗo kaina. Kwana tara ana ce mini in dawo gobe. A na goma na ji wai wani babba zai zo daga Abuja ya gana da 'yan jarida a kan manufar gwamnati game da shinkafa. Har murna na yi, don wautata. Na ɗauka inda aka tara masu tambaya, can gaskiya za ta samu wurin zama.

An kafa rumfa, an jera kujerun roba, ga teburi da farin ƙyalle. Bayan teburin an gina buhuna sun fi tsayin mutum. Tun daga nesa na hango jan zare. Na ƙirga da ido, goma sha biyu cif, kuma su aka sa a gaba saboda sun fi sauran tsabta. Wankin Inna ne ya ja musu.

Babban ya yi kusan awa guda yana magana. Ya ce dole ƙasa ta ci abin da ta noma, gwamnati kuma tana tare da manomi. Sannan ya juya ya dafa buhu, ya ce ga aikin 'yan fasa-ƙwauri nan, maƙiyan manomi. Tafin hannunsa a kan ƙulli ukun nan yake. Kowa a wurin ya san ta inda manyan motoci ke bi da kayan waje, amma an bar jaki ana dukan taiki.

Aka ce tambaya uku kawai za a karɓa. Na farko ya tambayi zaɓe, na biyu ya tambayi masu sauya sheƙa. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta gaji. Mai gabatarwa ya ce daga wace jarida nake. Na ce ni ɗan mai buhunan can ne, wuƙa kawai nake so a kawo. Ya yi murmushi ya ce zaman na 'yan jarida ne, ya miƙa makirufo ga na uku, wanda ya tashi ya yi godiya ya zauna.

Da aka tashi na tare wani ɗan jarida yana naɗe wayoyinsa. Na ce ya zo ya soka biro a buhu ɗaya, ya ga ko shinkafar waje tana da wannan launi na gumi. Ya dube ni da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo. Ya ce an raba musu jawabin a rubuce tun kafin a fara, ya riga ya aika, motarsu kuma za ta tashi. Mutum ashirin da kyamara, ba wanda ya taɓa buhu sai wanda ya yi ƙarya a kansa.

Kafin in isa gida hoton taron ya riga ni. Na tarar da Inna riƙe da wayar maƙwabciya.

"Malam, mi yac ce?" Haka take kirana.

Na ce maganar gwamnati ce kawai.

"Hwaɗa mani yadda yac ce. Na ga hannunai bisa ɗunkina."

Na faɗa mata, ban rage komai ba. Ta ajiye wayar.

"Sun buɗe ko guda?"

Na ce a'a.

Buhunan ba su dawo ba, ban kuma san cikin wa suka shiga ba. Abin da na sani shi ne, a kasuwa ta gaba wani mai saye ya tsokane ta da cewa ashe ita ce hajiyar Kwatano mai fasa-ƙwaurin shinkafa. Da wasa ya faɗa, aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Da kaka ta zagayo ta aike ni Bagudo in sayo sababbin buhuna farare, marasa rubutu. Na haɗo mata da jan zare kamar kullum. Ta juya shi a hannu, ta miƙo mini.

"Mai da shi, ka amso hwari irin na kowa."

Shekara talatin tana wannan ƙulli. Da na kawo farin, na tsaya ina kallo ta ɗinke buhun farko, ta kai kunnen dama, hannunta ya fara naɗa zaren da kansa. Sai ta warware, ta sa haƙori ta yanke.